Almakashin Mai Aski Ba Na Tela Ba Ne



A 'yan shekarun nan babu sana'ar da samarinmu suka runguma kamar aski. Daga Aboabo zuwa Asawase, da wuya mutum ya ratsa layi biyu bai ga shago da madubi ba. Abin farin ciki ne, domin yaron da ya riƙe sana'a ya rabu da zaman kashe wando. Sai dai akwai abin da ke damuna duk sa'ad da aka kawo lissafin jarin buɗe shago gaban dattawa ana neman gudummawa. Kujera mai juyawa tana ciki, talabijin yana ciki, har da lasifika, amma almakashi sai can ƙarshen takarda, da kuɗin da bai kai na abincin rana ba. A ganina wannan lissafi a kife yake.

Wanzaman da suka biyo fataken goro zuwa ƙasar Asante ba su da shago, zabira kawai suke ratayawa. Amma wanzami ya san askarsa kamar yadda ya san 'ya'yansa, kuma ba ya ɗora ta a kan jariri ranar suna sai ya wasa ta ya gwada kaifinta. Darajarsa a bakin ƙarfensa take. Mai askin zamani ya gaji wannan kujera, ya kamata ya gaji wannan kishi.

Wani zai ce ai gashinmu da inji ake aske shi, ina ruwan almakashi? Gaskiya ne inji ke yin mafi yawan aikin. To amma wa ke daidaita gemun dattijo ranar Juma'a? Da me ake rage gashin baki, wanda addini ya sa cikin tsabtar fiɗira? Da me ake gyara sumar da saurayi ya tara? Kuma mu da muka sha dumsor mun san ranar da wuta ta ɗauke, batir ya mutu, mai almakashi da mataji shi kaɗai ke aiki.

Almakashi mara kyau ba ya yanke gashi, tauna shi yake yi. Gashin ya lanƙwashe tsakanin bakunan biyu, ya fizge fata, mai gemu ya tashi da zogi, kuma ba zai faɗa maka dalilin da ya sa bai dawo ba. Araha ba ta ado.

Mai saye ya fara da tsawo. Na aski yakan kama daga inci 5 da rabi zuwa inci 7. Gajere ya fi dacewa da gashin baki da gefen kunne, dogo kuwa shi ne na yanka a kan mataji. Wanda guda ɗaya kawai zai iya saya, inci 6 zai ishe shi. Sannan ya sa yatsunsa a zoben ya ji: idan babban yatsa yana nutsewa har gaɓa, ko wuyan hannu yana karkacewa, wannan zai zama ciwo bayan shekaru. Shi ya sa aka ƙera masu hannu ɗaya ya fi ɗaya gajarta. Bahago kuma ya nemi na bahagwai, domin bakunansa a juye suke.

Batun ƙarfe shi ne inda ake cutar mutane. Garin Solingen na Jamus da garin Seki na Japan sun yi suna wajen ƙera wuƙaƙe da almakasai tun ƙarnuka, har sunan Solingen doka ce ke kare shi a ƙasarsu. Sialkot ta Pakistan ma tana fitar da su da yawa, masu kyau da marasa kyau. Amma buga suna a jikin ƙarfe ba shi da wuya, don haka kada rubutu ya ruɗe ka a kasuwar Kejetia ko a intanet. Ƙarfen da ake kira 440C ya wadatar da mai farawa. VG-10 ya fi shi riƙe kaifi, ya kuma fi tsada. Ba na cewa yaro ya ci bashi don na Japan, domin irin bakinsu mai siririn kaifi, in ya faɗi ƙasa sau ɗaya sai gwanin wasawa, kuma irin wannan gwani ba ko'ina yake ba. Mai ɗan kaurin baki irin na Jamus ya fi jure wahalar shagunanmu.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka buɗe almakashin sosai, ka riƙe hannu ɗaya, ka saki ɗayan. Idan ya rufe ruf, sukurunsa ya saki; idan bai motsa ba, ya yi tsauri; mai kyau zai sauko ya tsaya a hanya. Sannan ka jiƙa takardar goge hannu ka yanka har tsini. In ya yaga ta, ajiye musu kayansu. Mai haƙoran nan na rage cikar gashi kuwa, don gashi mai santsi aka fi yin sa, ana iya jinkirta sayensa.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Masana lafiya sun tabbatar ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini kwana 7 ko fiye. Ƙarfen da ya yi tsatsa ko ya fashe yana ɓoye datti, ba ya wankuwa. A wanke almakashi da sabulu, a tsoma shi a sifirit bayan kowane mutum, a tsane shi, a ɗiga masa mai a sukuru da yamma. Barinsa cikin bilic yana cin ƙarfen.

Roƙona ga iyaye da masu unguwanni da ke haɗa wa yara jari: ku nemi ganin almakashin kafin ku biya kuɗin talabijin. Ku kuma gargaɗe su kada a yanka zare ko leda da shi, kada a miƙa shi ga mai wasa wuƙar mahauta, domin dutsensa zai cinye bakin a zama ɗaya.