Wa Ya Faɗi Jarrabawa a Batsari da Safana?

Duk shekara in sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai mahukunta su hau auna makarantun gwamnati da shi: wannan ta yi ƙoƙari, waccan ta gaza. Da mudu ɗaya ake auna ɗalibin birnin Katsina da na ƙauyen bakin dajin Rugu.

Ina adalci a nan? A 2019 'yan gudun hijira ne suka cika azuzuwan firamare a garin Batsari. A Disambar 2020, da aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, sai aka rufe makarantun kwana na jihar. Yaron Safana da ya kwana a jeji yana gudun harbi, malaminsa ya tsere Dutsin-ma, me zai rubuta? A nemi cikakken sakamako ba a ba da cikakken karatu ba, tauye mudu ke nan, kuma Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani a kansa. Hukumar da ta kasa tsare aji ita ce ta fara faɗuwa.

Don haka wajibi ne 'yan uwa matasa da suka gama sakandare su riƙa tara ƙannensu bayan La'asar, su koya musu lissafi da Turanci fi sabilillahi. Allah Ya isar wa raunana.