Garanti a Kano, Kwamfuta a Gwaram

Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir ta koma jarrabawa da kwamfuta zalla, yaron da ya gama sakandare a Kantoga ko Basirka a kudancin Jigawa ba shi da ƙofar shiga jami'a sai ta gaban allon kwamfuta. WAEC ma ta bi sahu a 2024, ta fara da masu zana jarrabawa daga waje. A cikin garin Birnin Kudu kuwa masu neman kwamfuta sun fi haka yawa: ga ɗalibar kwalejin koyon aikin jinya da aka ce ta kawo furojet a buge, ga ma'aikacin asibitin tarayya na FMC da ke ƙarin karatu ta intanet, ga matashin da ya kama shago yana yi wa jama'a rajista da buga takardu, ga ɗan Jami'ar Tarayya ta Dutse da ya gaji da aron laftof ɗin abokin ɗaki. Kowa na so, amma da wuya a sami mai ƙarfin sabuwa dal a kwali.

Dalilin a fili yake. Kafin Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai. A 2024 ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a waccan shekarar naira 70,000 ne, ita kuwa kwamfuta da dala ake shigo da ita. Don haka ta hannu ce ta riƙe kasuwa, kuma babu abin kunya a ciki. Hasali ma sau da yawa ita ce zaɓin mai wayo.

Yawancin masu kyau daga cikinsu kayan ofis ne. Bankuna da manyan kamfanoni a Turai da Amurka kan yi amfani da kwamfutoci shekara uku ko huɗu, sannan su sallama su gaba ɗaya su ɗauko sababbi. 'Yan kasuwa su saye su a dunƙule, jirgin ruwa ya sauke su a Apapa ko Tin Can, su bi ta Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba, su hau mota zuwa Beirut Road da Farm Centre a Kano, daga nan kaɗan su gangaro Dutse da Birnin Kudu. ThinkPad ta Lenovo, Latitude ta Dell da EliteBook ta HP an ƙera su ne don aikin wuni guda, jikinsu da ƙwari, ana iya kwance su a sauya abin da ya gaji, kuma kayan gyaransu sun cika kasuwa. Irin wannan mai shekara biyar takan kai sabuwa mai araha ƙasa.

Sai dai ba duk abin da jirgi ya sauke ne alheri ba. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da cibiyar yarjejeniyar Basel da ke Ibadan, a tashoshin jiragen ruwan Legas cikin 2015 da 2016, ya gano ana shigo da kusan tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kuma aƙalla tan 15,400 ba sa aiki tun daga can. Kashi 77 cikin ɗari sun taso ne daga tashoshin ƙasashen Tarayyar Turai, akasarinsu an cusa su cikin motoci 'yan kwatano. Wato wani kaso na abin da ake yi wa kirari da "Landan yus" shara ce da aka yi wa canjin gida.

A can inda kayan suka fito, akwai tazara tsakanin kwamfutar da aka yi amfani da ita kawai da wadda aka yi wa cikakken gyara. Kamfanin Apple na ba da garantin shekara guda a kan gyararrun kayansa, kamar yadda yake bayarwa a kan sababbi. Back Market, kamfanin Faransa da aka kafa a 2014, shi ma shekara guda yake bayarwa. A nan gida kuwa, sau tari gyaran bai wuce a goge da tsumma, a ɗora sabuwar Windows, a naɗe da leda ba.

Nan ne maganar garanti ke shigowa. Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan ba a taɓa buɗe ta ba. Na ba ka kwana uku ka gwada." Wani ya ce sati ɗaya. Shagunan da suka ɗan waye kuma sun fara koyi da na Turawa: ƙara wani abu a kan kuɗin, a ba ka takardar wata shida ko shekara. Takardar da kyan gani, har da hatimi. Amma ga mutumin Gwaram ko Birnin Kudu, a mafi yawan lokuta biyan wannan ƙari asarar kuɗi ce.

A duba abin da zai faru ranar da kwamfutar ta ƙi tashi. Takardar garanti ba ta gyara komai sai an kai kayan inda aka sayo. Daga Birnin Kudu zuwa Kano sama da kilomita 100 ne, na Gwaram ya fi haka, wanda ke Fagam ko Farin Dutse kuwa sai ya fara neman abin da zai fito da shi bakin titi. Zai yi sammako, ya biya kuɗin mota da farashin man da ake ciki tun bayan cire tallafi, ya isa Beirut Road da hantsi, ya tarar mai shagon ya tafi Legas sari, yaron shago ya ce ba shi da ikon yanke hukunci. In an yi sa'a a karɓa a ce ya dawo mako mai zuwa. Zuwa biyu, dawowa biyu, ga aikin da ya tsaya. Kafin a kammala, abin da ya kashe ya kusa sayen sabon batir da caja.

Wannan ma in an yarda laifin yana cikin garanti ke nan. Abubuwan da suka fi kashe kwamfuta a wannan yanki sanannu ne. Akwai wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi, da ƙaramin janareta mai hawa da sauka, da shagon cajin waya inda ake jona komai a soket ɗaya. A Oktoban 2024, da manyan layukan wuta suka lalace aka bar yawancin Arewa cikin duhu kwana da kwanaki, a irin waɗannan wurare kowa ya riƙa caji. Akwai zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka har injin ya riƙa kashe kansa. Akwai batir, wanda dama ya ci rabin rayuwarsa a wani ofis a Ingila. To, duk wanda ya zauna ya karanta ƙananan rubutun takardun garanti zai ga galibi sun cire ƙonewa ta dalilin wuta, sun cire faɗuwa da zubar ruwa, batir kuma ana ɗaukarsa abin da dole ya gaji. An sayar maka da kariya daga abin da ba kasafai yake faruwa ba, an bar ka da wanda ke faruwa kullum.

Sannan wa ke tsaye a bayan takardar? Ba HP ba ne, ba Dell ba ne. Garantinsu na asali ya ƙare tun kayan na Turai, kuma kowa na iya tabbatar da haka da wayarsa: a shigar da lambar da ke manne a ƙasan kwamfutar a shafin kamfanin, zai nuna ranar da garantin ya ƙare, abin da zai tona asirin ainihin shekarunta. Abin da ya rage alkawarin mai shago ne kaɗai, kuma shago na iya tashi. Ko a wajen malamai ma batun bai tsira ba, domin wasunsu na ganin sayen ƙarin garanti daban da kayan ya yi kama da inshora, ka biya kuɗi a kan abin da ba ka san zai faru ko ba zai faru ba.

Abin takaicin shi ne mutane na biyan kuɗi a kan haƙƙin da doka ta riga ta ba su kyauta. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 ta kuma haifar da hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai sayar da kayan hannu ko gyararru ya bayyana haka ƙarara. Ta wajabta ba da shaidar ciniki a rubuce. Ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya cikin wata uku idan ba su da ingancin da ya kamata, a gyara, ko a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit cewa kaya in ya fita ba ya dawowa bai fi ƙarfin doka ba. Gaskiya ne jami'in hukumar ba zai zo har garin Kila ya ƙwato wa kowa haƙƙi ba, kuma bin kadi na da wahala. Amma wanda ya shiga shago ya san wata uku nasa ne, ba zai karɓi kwana uku yana godiya ba.

Tun kafin dokar ma, wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki ya san mai saye na da zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, kuma labarin yadda Manzon Allah (SAW) ya zura hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi, kowane ɗan kasuwa ya sha jinsa a wa'azi. Batirin da aka san ba ya kai minti ashirin, aka bar caja a jone har mai saye ya biya ya tafi, algus ne.

Manomin Gwaram ba ya sayen san huɗa a kasuwar Sara sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya sa an zaga da shi, ga dillali a tsaye shaida. Kwamfuta ma haka take so, kuma duka bai wuce aikin rabin sa'a ba. A cire caja a bar ta tana aiki ana kallon yadda cajin ke sauka. Wanda ya iya, ya buɗe wurin ba da umarni na Windows ya rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yau, kuma in bai kai rabi ba, a rage kuɗin sabon batir daga farashi. A danna kowane harafi, a gwada kowace kafar jona kaya, da kyamara da lasifika da wayfai. A kashe ta a kunna a shiga BIOS, domin wasu na zuwa da makullin kamfanin da ya yi amfani da su, wanda mai gyara na gari ma kan sha wuya kafin ya buɗe. A tambaya ko SSD ce a ciki ko tsohon faifai mai juyawa, wanda jijjigar babur a hanyar ƙauye kan gama da shi. Daga ƙarshe a sa mai shago ya rubuta lambar kwamfutar, da abin da ke cikinta, da kwanan wata a rasit, da hannunsa.

Tarkon da ya fi girma a yanzu kuwa ba a jikin kwamfutar ake ganinsa ba. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai ɗan ƙarin wa'adi zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta karɓar injin Intel da ya gaza ƙarni na takwas, sannan tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ba sai an yi duba ba: kwamfutocin da ofisoshin Turai suka fitar saboda wannan dalili, kasuwanni irin namu za su nufo, da araha mai jan hankali. Ganewa ba wuya. Core i5 kawai ba bayani ba ne, a dubi lambar da ke biye: i5-6300U ƙarni na shida ce, i5-8250U na takwas. Masu shago sun iya ɗora Windows 11 ta bayan gida a kan tsofaffin, amma Microsoft ta faɗa cewa ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da aika musu gyare-gyaren tsaro ba. Ga yaron da ke koyon buga rubutu don JAMB, tsohuwar ta wadatar, musamman in an sa mata Linux, wadda kyauta ce. Ga mai shagon da ke riƙe lambobin NIN da BVN na mutanen unguwa, ganganci ne.

Kuɗin da za a ba da na ƙarin garanti, gara a sayi caja ta asali da soket mai kare kaya daga wuta, a ƙara RAM, a ajiye saura don batir. Kuma in bambancin farashin bai taka kara ya karya ba, gara a saya wurin mai gyara na Birnin Kudu ko Dutse, wanda aka san gidansu, ake haɗuwa da shi a masallacin Juma'a. Kunyar idon jama'a ta fi hatimi aiki.

Matsalar ita ce irin waɗannan masu gyara ba su da yawa, kuma nan ne gwamnati ke da rawar takawa. Jigawa ta riga jihohi da dama shiga harkar kwamfuta, tun zamanin Gwamna Saminu Turaki da aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure. Amma Kazaure na can arewa maso yamma, Gwaram na ƙarshen kudu. Ya kamata gwamnatin Malam Umar Namadi da shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su sa gyaran kwamfuta cikin sana'o'in da ake koya wa matasan yankin, da kayan aiki na gaske, ba takardar shaida kaɗai ba. Duk kwangilar sayen kwamfutoci don makarantu ko cibiyoyin jarrabawa kuma, sababbi ne ko na hannu, a rubuta a ciki cewa ɗan kwangila zai ajiye mai gyara da kayan gyara a cikin ƙaramar hukumar har wa'adin garantin ya cika, kuma kada a biya shi cikon kuɗinsa kafin lokacin.