Martani: Tsatsa Ba Ta Kashe Wuƙa

Ra'ayin da aka wallafa kwanan nan, cewa wuƙar aljihu ta gargajiya ta zama kayan tarihi saboda ruwanta yana tsatsa, ra'ayi ne na wanda bai taɓa riƙe dutsen wasa wuƙa ba. Alal misali, wuƙar Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a yankin Savoie na Faransa a 1890, asalin ruwanta ƙarfe ne mai kabon, wato sinadarin da ke ƙara wa ƙarfe tauri, kuma irinsa yana ɗaukar kaifi da 'yar gugar dutse kaɗan, alhali ƙarfen da aka gauraya da kuromiyam don hana tsatsa yakan fi wuyar wasawa. Baƙin da ke hawa ruwan bayan yanka albasa ko lemo yana rage kamuwar jar tsatsa, muddin ana goge shi a shafa mai. Zargin cewa wuƙar Opinel tana rufewa a kan yatsa kuwa ya makara, domin tun 1955 aka sa mata zoben da ake murzawa ya kulle ruwan. Wanda ya bar wuƙarsa a jiƙe, ragwancinsa zai zarga, maƙeri ya fita haƙƙinsa.