Sharhi: Motocin lantarki na tafe, ina Afirka za ta tsaya?

A shekara ta 2024 an sayar da motoci masu aiki da wutar lantarki sama da miliyan 17 a duniya, idan aka haɗa da waɗanda ke aiki da batir da fetur gaba ɗaya. Wato ke nan fiye da mota ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, kamar yadda alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya suka nuna. Sama da miliyan 11 daga cikinsu a ƙasar Sin aka sayar da su. A ƙasar Norway kuwa, kusan kashi 89 cikin ɗari na sabbin motocin da aka saya a shekarar ba sa shan ko ɗigon mai. Ko shakka babu harkar sufuri ta kama wata sabuwar hanya, kuma a Beijing da Brussels da Washington ake tsara yadda za ta kasance.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin 'yan jarida shi ne motar da ke tuƙa kanta. Tun 2020 kamfanin Waymo ke ɗaukar fasinja ba direba a birnin Phoenix na Amurka, kamfanin Baidu ma yana yin haka a birnin Wuhan na Sin. Amma fa da sauran rina a kaba. A watan Oktoba na 2023 wata motar kamfanin Cruise ta ja wata mata a ƙasa a San Francisco, hukumomi suka dakatar da lasisinsa, kuma a ƙarshen 2024 General Motors ya daina zuba kuɗi a harkar. Daɗin daɗawa, motar zamani tana haɗe da intanet, tana tattara bayanan duk inda mai ita ya je. Wannan ne ya sa a watan Janairu na 2025 Amurka ta kafa dokar hana amfani da manhajojin Sin da Rasha a motocin da za a sayar a ƙasarta. Sai dai ga ƙasar da titunanta ba su da ko zanen layi, motar da ba direba ba ita ce matsalar da ta fi gaggawa ba.

Tambayar da ta fi shafar ƙasashe masu tasowa ita ce inda za a kai miliyoyin motocin fetur da masu arziki za su yi watsi da su. Wani rahoton Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa, da dama daga cikinsu ba za su iya tsallake binciken lafiyar mota a inda suka fito ba. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar daina sayar da sabbin motoci masu fitar da hayaƙi daga 2035. Gaskiya ne a watan Disamba na 2025 hukumar zartarwarta ta ba da shawarar a sassauta, amma alƙiblar ba ta canja ba. Duk wanda ya taɓa leƙa tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya san inda kwantan kayan ke sauka. Nan gaba kuma tsofaffin motocin lantarkin da batirinsu ya gaji za su biyo sahu.

Akwai kuma batun ma'adinai. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, amma akasarinsa a Sin ake tace shi, a can ake ƙera batir, a can riba take zama. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kuma damar ba mai ɗorewa ba ce, domin tuni masana'antu suka karkata ga wani nau'in batir da ba ya buƙatar kobalt ko kaɗan. Zimbabwe ta farga, ta haramta fitar da ɗanyen ma'adinin litiyam a watan Disamba na 2022 don tilasta a sarrafa shi a gida.

To, a ina Afirka take da abin cewa? A fannin sufurin haɗin gwiwa. Abin da biranen Turai ke koya a yau, wato mutum ya haƙura da mallakar mota ya shiga ta haya, shi ne rayuwar yau da kullum a a-daidaita-sahun Kano da kabu-kabun Yamai da turoturon Ankara. Kuma abin hawan da ke wuni a kan titi shi ne ya fi cin moriyar lantarki, saboda kuɗin mai ne ke cinye cinikin mai shi. Direbobin Nijeriya sun ga haka tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. A Kigali da Nairobi 'yan acaɓa na zuwa rumfa su ajiye batirin da ya ƙare su karɓi cikakke cikin 'yan mintoci, kuma daga watan Janairu na 2025 Ruwanda ta daina yi wa sabbin baburan haya masu shan fetur rajista a babban birninta.

Babban cikas dai shi ne wutar kanta. Mutane kusan miliyan 600 ne ba su da lantarki a Afirka kudu da Sahara, kuma wanda zai yi cajin mota da janareta mai shan dizal yaudarar kansa yake yi. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a farkon 2024, amma ta yi hakan ne tana dogaro da madatsun ruwanta, musamman babbar madatsar da ta gina a kan kogin Nilu, wadda aka ƙaddamar a watan Satumba na 2025. Duk da haka wuraren caji da kayan gyara sun yi ƙaranci da zarar an bar Addis Ababa. Kazalika wajibi ne a tuna da makanikai da yaran gareji, domin motar lantarki ba ta da juyen mai, ba ta da filogi, ba ta da salansa.

A ganinmu aikin da ke gaban gwamnatoci a bayyane yake. Su aiwatar da ƙa'idojin shigo da tsofaffin motoci, irin waɗanda ƙasashen ECOWAS suka amince da su a 2020, su kuma ƙara sharaɗi a kan lafiyar batir. Su mai da sassaucin haraji ga babura da kekuna masu ƙafa uku da bas-bas, maimakon motocin alfarma na manya. Su shigar da gyaran batir cikin darussan makarantun koyon sana'a tun yanzu. Masu iya magana sun ce tun ran gini, ran zane. Ƙasar da ta jira sai jiragen ruwa sun iso tasharta kafin ta yi doka, abin da wasu suka zubar shi za ta hau.