Podkas: Daga taron Harvard zuwa hannun manyan kamfanoni

A watan Oktoban 2003, Dave Winer ya tara marubutan intanet a Jami'ar Harvard ta Amurka domin taron BloggerCon na farko. A shekarar ce ɗan jarida Christopher Lydon ya fara sakin hirarrakinsa ta RSS, tsarin da ke kai sauti ga mai saurare ba sai ta gidan rediyo ba. Daga nan podkas ya samo asali.

RSS ba mallakin kowa ba ne. Amma yau Spotify da YouTube ne ke zaɓar shirin da zai bayyana a wayarka. Mai shirin da ya dogara da su kaɗai, ranar da aka rufe masa shafi ya rasa masu saurarensa. Wanda ya riƙe RSS kuwa zai iya ƙaura da su.