A Bar Mana Burtali

Ni mutumin Bici ne, ɗan manomi. Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga Kano ya san ƙasarmu ba ta da daji, sai gona bayan gona, da gawo da ɗorawa tsaye a cikinsu. Saboda haka in na ce a bar wani fili kada a nome shi, na san wasu za su ce boko ya ɓata yaron nan. To, ku saurare ni tukuna.

A bayan gidanmu akwai burtali. Kakana ya ce a zamaninsa garke biyu kan haɗu a ciki, su wuce ba su gogi juna ba. Yanzu kuwa jaki da mangala da ƙyar yake ratsawa. Ba rana ɗaya aka cinye shi ba. Kowace damina mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya, mai ta hagu ya gani, shi ma ya ƙara tasa. Ba na ɓoye muku, mu ma akwai kunyoyinmu biyu a ciki.

Bara shanu suka rasa hanyar zuwa mashaya, suka faɗa cikin geron maƙwabcinmu. Aka ɗaga sanda, aka fasa wa wani yaro kai, sai gaban dagaci. Da kaka ta yi, Fulanin da suka saba sauka a gonarmu ba su zo ba. Nan ne asarar take. Mu ba ma hutar da gona, kowace shekara noma ta muke yi, kuma taki ne kaɗai ke riƙe da ita. Da, shanu kan kwana a gona da rani, su ci kara, su bar mana kashi. Bana sai da babana ya sayar da tinkiya ya sayi takin zamani. Ashe kunya biyun nan sun ci mana tinkiya!

Ba doka aka rasa ba. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, kuma dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da filin noma da na kiwo a karkara. A ganina abin da ya kamata shi ne ƙaramar hukuma ta tara dagatai da masu unguwanni da arɗo, a nemi tsofaffin da suka san iyakar asali tun suna da rai, a auna, a kafa turakun siminti.

Na yi wa babana wannan magana. Ya ce zai saki kunyoyinsa in maƙwabci ya saki nasa. Na je wurin maƙwabcin, ya ce, "Yaro, gaya wa babanka ya fara." Ga shi kuwa har an soma sharar gona.