Kafin Masu Silima Su Iso Bakin Kusugu

Duk wanda ya taɓa ɓoye littafi a ƙarƙashin tebur alhali malam yana darasi ya san daɗin labarin neman dukiya. Da yawanmu ta wannan ƙofa muka saba da karatun Turanci, ta hanyar King Solomon's Mines, littafin da Rider Haggard ya wallafa a 1885. Mai karatu yana bin Allan Quatermain cikin hamada har maƙogwaronsa ya bushe, yana tsoron tsohuwa Gagool, kuma numfashinsa ya ɗauke sa'ad da ƙofar dutse ta rufe su a cikin taska, ga lu'ulu'u jibge amma ba ya sayen ko kurɓin ruwa. Littafin yana da nasa rainin baƙar fata, wannan ba a musu, amma ya san abin da yake ba da labari a kai.

To, me masu silima suka yi da shi? A littafi mutum ne yake neman ɗan'uwansa. A fim ɗin 1950 sai ga mace tana neman mijinta, don dai a samu soyayya. Na 1985 kuwa, wanda aka ɗauka a Zimbabuwe da Richard Chamberlain da Sharon Stone, wasan yara ne tsantsa: sojan Jamus, harbe-harbe, da wata ƙatuwar tukunya da aka jefa jarumai wai za a dafa su. An ɗauki sunan littafi, an bar ransa a baya.

Mu ma muna da namu. Dukiyar da Alhaji Imam ya fita nema a Ruwan Bagaja ruwa ce, amma wa ya karanta littafin don ruwan? Don ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ake karantawa, kuma wannan daɗi a harshen Abubakar Imam yake. Adamu Halilu ya nuna ana iya riƙon amana sa'ad da ya mayar da Shaihu Umar fim a 1976, bisa wasan da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara. Ya bi labarin a tsanake, har an gyara fim ɗin an nuna shi a Balin a 2018.

Abin da ke damuna shi ne Daura. Labarin Bayajida yana da duk abin da mai kyamara yake kwaɗayi: baƙo daga Bagadaza, makaman da maƙeran Gaya suka ƙera, maciji a rijiya, sarauniya. Tsorona kada a kawo mana macijin roba, a sa Daurama rawa da waƙa a gindin bishiya. Nauyin labarin yana ga gari guda da ba ya samun ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da tsohuwa Ayyana wadda ba ta da ko abin da za ta shayar da baƙonta, da maƙaryatan da suka wayi gari kowa yana cewa shi ya kashe maciji, har aka nemi a nuna kansa. Wanda ya taɓa bin layin famfo tun asuba ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Kusugu tana nan har yau a cikin garin Daura, ana zuwa ana ɗiba. Mai son yin fim ɗin ya fara zuwa can ya ja guga da hannunsa, sa'an nan ya zauna da dattawan fada, tun kafin ya je neman kuɗin kyamara.